Jingine lamba, gadar da ita, ko kafa mutum-mutumi: wace hanya ta fi dacewa da karrama gwarazan ƙwallon jami'a a Amurka?

Ƙwallon ƙafar Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita, a jami'o'i ta girma kafin ƙwararru su san da ita. Daga karawar jami'o'in Rutgers da Princeton ta ranar 6 ga Nuwamba 1869 ake lissafin farawarta, ita kuwa gasar ƙwararru sai a 1920 aka kafa ta. Shi ya sa jami'a irin Michigan, wadda filinta ke ɗaukar mutum sama da 107,000, take da tarihin 'yan wasa na fiye da ƙarni guda. Ɗan wasan jami'a kuma baƙo ne. Shekara uku ko huɗu zai yi ya wuce, wani ya karɓi rigarsa. To ta yaya za a riƙe sunan wanda ya yi fice a cikinsu, har jikan ɗan kallon da ya gan shi ya san ko wane ne?

Jami'o'in sun gwada hanyoyi huɗu: a jingine lambar rigarsa kada kowa ya sake sawa, a bar lambar a raye ana gadar da ita ga wanda ya cancanta, a kafa masa mutum-mutumi, ko a rubuta sunansa a jerin gwaraza bisa wata ƙa'ida. Duk kwamitin da aka ɗora wa wannan aiki a cikin huɗun nan zai zaɓa. Ni ra'ayina, ta ƙarshen ce ya kamata ta zama tushe, sauran su biyo baya da taka-tsantsan. Ga dalilaina.

Jingine lamba ita ce hanyar da ta fi saurin zuwa zuciya, kuma masu bin ƙwallon Turai sun san ta, tunda Napoli ta jingine lamba 10 ta Maradona. Armashinta shi ne ba ta buƙatar dogon bayani. Kowa a jami'ar Illinois ya san 77 ta Red Grange ce, 50 kuma ta Dick Butkus. Georgia ta ajiye 34 saboda Herschel Walker. Tennessee ta jingine lambobi huɗu na 'yan wasanta da suka rasu a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma babu mai hankalin da zai ce ba a yi daidai ba. Kuɗin da ake kashewa kaɗan ne: kyalle ɗaya a rataye a filin wasa, da biki ɗaya a lokacin hutun rabin lokaci.

Matsalar farko ta lissafi ce. Lambobin da doka ta yarda da su daga 0 zuwa 99 ne, ita ma 0 ɗin sai a 2020 aka halatta ta. Ƙungiyar babbar jami'a kuwa takan kai mutum ɗari ko ta wuce. Tun kafin a jingine ko ɗaya, lambobin ba sa isa, shi ya sa za ka ga mutum biyu da lamba ɗaya, ɗaya a ɓangaren kai hari ɗaya a ɓangaren tsaro, da sharaɗin kada su haɗu a fili lokaci guda. A 2012, a wasan Notre Dame da Pittsburgh, 'yan Notre Dame biyu masu lamba 2 sun tsaya a fili tare a lokacin wani bugu mai muhimmanci, alƙalai ba su lura ba. Ga kuma ƙa'idar cewa ƙartin layin gaba, waɗanda ke kare mai jefa ƙwallo, lambobin 50 zuwa 79 suke sawa. Kowace lamba aka cire, an ƙara matse waɗanda suka rage. Wannan na daga abin da ya sa Alabama da Notre Dame da Oklahoma, uku daga cikin jami'o'in da suka fi kowa tara gwaraza, ba sa jingine lamba sam. Da sun fara, da ba su san inda za su tsaya ba.

Matsala ta biyu ta fi nauyi: wa za a jingine wa, wa za a bari? Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wato USC, ta sauƙaƙa wa kanta da cewa sai wanda ya ci kyautar Heisman, wadda tun 1935 ake bai wa gwarzon ɗan wasan jami'a na shekara. Ta haka aka jingine 20 ta Mike Garrett, 32 ta O.J. Simpson, 12 ta Charles White, 33 ta Marcus Allen, 3 ta Carson Palmer, 11 ta Matt Leinart, 5 ta Reggie Bush da 13 ta Caleb Williams. Ƙa'idar a fili take, babu zargin son kai. Sai dai duba jerin da kyau: dukkansu masu ruga da ƙwallo ne ko masu jefa ta. Ronnie Lott da Junior Seau da Anthony Muñoz duk 'yan USC ne, duk suna cikin fitattun da wasan ya taɓa gani, amma ƙa'idar ba ta da gurbinsu, don Heisman kusan ba ta zuwa ga mai tsaron baya, kuma ba a taɓa bai wa ɗan tsakiyar layin gaba ita ba. Jami'ar da ta ɗaure kanta da Heisman ta amince ke nan cewa rabin 'yan wasanta ba za su taɓa shiga ba, komai bajintarsu.

Kuma abin da aka ce an yi shi har abada, a aikace ba ya zama. A 2010, bayan hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta hukunta USC kan kyaututtukan da Bush da iyalinsa suka karɓa, an sauke rigarsa daga filin, shi kuma ya mayar da kyautarsa ta 2005. A Afrilun 2024 aka mayar masa da ita, rigar ma ta koma mazauninta. Garrett ya ba Darnell Bing izinin sa 20, Palmer ya ba Jordan Addison izinin sa 3 a 2022. Steve Spurrier da ya dawo Florida a matsayin koci a 1990, da kansa ya sako lambarsa ta 11 ya ce a ci gaba da sawa. Idan har mai lambar na iya ba da aronta, kwamiti na iya saukewa ya sake ratayewa, to gara tun farko a faɗa wa jama'a gaskiyar abin da ake nufi. Nebraska ta yi wannan dabarar: tana karrama rigar mutum da sunansa a jiki, lambar kuwa ta ci gaba da yawo, in ban da 'yan kaɗan irin 60 ta Tom Novak.

Hanya ta biyu, wato gadar da lamba, ita ce ta fi taɓa min zuciya, kuma labarin 44 ta Syracuse ya isa hujja. Jim Brown ya sa ta daga 1954 zuwa 1956. Shi ya taimaka aka shawo kan Ernie Davis ya zo jami'ar, Davis ya karɓi lambar, ya taimaka aka ci kambun ƙasa a 1959, sannan a 1961 ya zama baƙar fata na farko da ya ci Heisman. Cutar sankarar jini ta ɗauke shi a Mayun 1963 yana da shekara 23, bai buga wasan ƙwararru ko ɗaya ba. Kafin rasuwarsa ya je ya ga wani yaro mai suna Floyd Little ya roƙe shi ya zo Syracuse. Little ya cika alkawari, ya sa 44 daga 1964 zuwa 1966. Lambar ta shiga jinin makarantar har lambar gidan wayarta ta koma 13244. Da an jingine 44 ranar da Brown ya tafi, da babu wannan silsila. Lambar ta zama kamar rawanin sarauta: darajarsa tana ƙaruwa ne da kawunan da suka ɗaura shi, wanda aka naɗa kuma ya san sunayen waɗanda suka riga shi.

Amma Syracuse ɗin ta jingine ta a Nuwamban 2005, da aka ta da maganar dawo da ita a 2015 kuma sai aka yi ta ja-in-ja tsakanin magoya baya. Ana iya fahimtar masu son a bar ta a rataye. Yaro ɗan shekara goma sha takwas da aka miƙa wa rigar Jim Brown an ɗora masa kayan da ba kowane wuya ke ɗauka ba. In ya gaza, shi za a zaga, lambar ma ta rage kwarjini.

Inda gadon lamba ya yi albarka, za ka tarar ba a ɗaura shi kan gwaninta kaɗai ba. A Ole Miss, wato jami'ar Mississippi, Chucky Mullins ya karye a wuya ranar 28 ga Oktoba 1989 a wasa da Vanderbilt, jikinsa ya shanye, ya rasu a 1991. Lambarsa ta 38 ana ba da ita duk shekara ga mai tsaron baya da ya fi nuna jarumta irin tasa. An jingine ta a 2006, bayan 'yan shekaru aka dawo da ita fili, don an ga ta fi magana a jikin mai rai. A LSU, wato jami'ar jihar Louisiana, Matt Mauck da ya jagoranci cin kambun 2003 ya miƙa 18 ga Jacob Hester, tun daga nan ta zama ta wanda ya fi halin kirki da jagoranci, ko da ba shi ne tauraron ƙungiyar ba. A Texas A&M, lamba 12 ta ɗalibin da ya shigo ƙungiya ba tare da tallafin karatu na wasa ba ce, don tunawa da E. King Gill, wanda a Janairun 1922 ya sauko daga wurin 'yan kallo ya sa kayan wasa ya tsaya a shirye saboda raunuka sun rage 'yan wasan. A waɗannan wurare uku ba a ce wa yaro ya zama Mullins ko Mauck a fili ba. Hali aka nema, hali kuwa ana iya samunsa kowace shekara.

Michigan ta nuna yadda abin ke lalacewa idan aka yi garaje. Tana da lambobin da ta daɗe da jinginewa: 11 ta 'yan'uwa uku 'yan gidan Wistert, 47 ta Bennie Oosterbaan, 87 ta Ron Kramer, 98 ta Tom Harmon gwarzon 1940, da 48 ta Gerald Ford wanda ya zama shugaban Amurka. Daga 2011 sai ta ɓullo da shirin da ya sako su, aka liƙa tambarin sunan tsohon gwarzo a ƙirjin rigar, aka rarraba wa 'yan wasan lokacin. Devin Gardner, mai jefa ƙwallo da aka san shi da 12, ya koma sa 98 a 2013. Wasu sun sauya lamba ana dab da kammala karatunsu, suka rasa wadda za a tuna su da ita. Ƙungiyar kuma ba ta cikin ganiyarta a shekarun. A Nuwamban 2015 aka nannaɗe shirin, aka mayar da lambobin rataye, aka haɗa da 21 ta Desmond Howard. Bambancinsu da LSU shi ne can al'adar daga ɗakin sauya kaya ta tsiro, tsakanin ɗan wasa da ɗan wasa, nan kuwa daga ofis aka saukar da ita, har guda shida a cikin 'yan shekaru. Jami'a ɗaya, lamba ɗaya ko biyu masu rai sun ishe ta.

Mutum-mutumi shi ne mafi tsada kuma mafi jan ido. Oklahoma tana da dandali a gefen filinta inda ta jera na masu Heisman ɗinta bakwai, daga Billy Vessels na 1952 zuwa Kyler Murray na 2018. Florida ta kafa na Spurrier da Danny Wuerffel da Tim Tebow a 2011, Auburn ta kafa na Pat Sullivan da Bo Jackson da Cam Newton a 2012. Amfaninsa a bayyane yake. Ba ya cin lamba, yana aiki ko ranar da babu wasa, uba zai tsaya da ɗansa a gabansa ya ba shi labari, koci kuma zai zagaya da yaron da yake zawarci ya nuna masa. Sai dai yawancin jami'o'in da Heisman ɗin dai suke aunawa, don haka cutar da ta kama jingine lamba ta kama shi. Lee Roy Selmon, wanda da yawa ke ganin Oklahoma ba ta taɓa yin mai tsaro kamarsa ba, ya gama wasa a 1975, ya rasu a 2011, sai a 2022 aka kafa nasa tare da 'yan'uwansa Lucious da Dewey.

Haɗarinsa kuma ya fi na kowace hanya. Penn State ta kafa wa kocinta Joe Paterno mutum-mutumin tagulla a 2001 yana kan aiki. Bayan tonuwar badaƙalar cin zarafin yara da tsohon mataimakinsa Jerry Sandusky ya aikata, da rahoton da ya zargi manyan jami'ar da rufa-rufa, ranar 22 ga Yuli 2012 ma'aikata suka zo suka tumɓuke shi duniya na kallo. Koci ne shi, amma darasin ya shafi 'yan wasa ma, har ya fi. Wanda aka zuba wa tagulla yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sauran rayuwarsa duk tana gaba, babu wanda ya san me za ta haifa. Suna a bango ana iya cire shi cikin sa'a guda ba tare da hayaniya ba. Sauke mutum-mutumi kuwa hukunci ne a bainar jama'a, yana raba kan tsofaffin ɗalibai shekara da shekaru.

Sa wa filin wasa sunan ɗan wasa ya fi duk waɗannan girma, amma gurbi ɗaya ne ko biyu, ba tsari ba ne. Iowa ta yi wa Nile Kinnick a 1972, gwarzon 1939 da ya rasu a haɗarin jirgin soja a 1943, kuma ya cancanta.

Saura jerin sunaye, hanyar da ba ta da ƙyalƙyali amma ta fi kowacce adalci. Hall of Fame ta ƙwallon jami'a, wato zauren adana sunayen gwarazan wasan na ƙasa, da ke Atlanta tun 2014, ta ba da samfuri: sai wanda aka zaɓa a sahun farko na gwanayen ƙasa na shekara, waɗanda ake kira All-America, kuma sai ya shekara goma da barin wasan jami'a. Kyawun wannan ma'auni shi ne kowane gurbi yana da nasa gwani. Ƙaton layin gaba da bai taɓa riƙe ƙwallo a wasa ba yana da dama daidai da mai jefawa.

Ohio State ta mayar da wannan ma'auni abin da ido ke gani. Tun 1934 take dasa bishiyar buckeye, wadda ita ce alamar jihar, ga duk ɗan wasanta da ya shiga sahun farko na All-America, da allon sunansa a gindinta. Kurmin yana nan kusa da filin wasa yana ƙaruwa. Archie Griffin, mutum ɗaya tilo da ya ci Heisman sau biyu, a 1974 da 1975, yana da bishiyarsa, haka ma ƙartin da suka yi ta buɗe wa irinsa hanya. Alabama kuwa tun 1948 kyaftin-kyaftin na kowace shekara ke danna tafin hannu da sawun ƙafa a ɗanyen siminti a gindin hasumiyar Denny Chimes. Kyaftin sau da yawa abokan wasansa ne ke zaɓarsa, don haka shaidar waɗanda suka yi gumi tare da shi ce aka adana. Duka biyun ba sa cin lamba, ba sa ƙarewa, kuɗinsu kaɗan ne, kuma babu buƙatar a yi gardama duk shekara.

Rauninsu shi ne suna a cikin ɗaruruwa yana iya ɓacewa, kuma Griffin bai kamata ya tsaya daidai da wanda ya haska kaka ɗaya ba. Wannan gaskiya ne, shi ya sa na ce tushe, ban ce ita kaɗai ba. In kuma aka tsaurara sharuɗɗa don gudun cunkoso, sai a faɗa ɗaya ramin: Florida ta buɗe jerin gwarazanta a jikin filin wasa a 2006, zuwa 2018 mutum shida kacal suka shiga.

Akwai wani gyara da ma'aunin lambobin yabo ba zai yi da kansa ba, kuma kwamitin da ya manta da shi ya bar aikinsa rabi. Shekaru da dama baƙaƙen fata ko dai an hana su wasa ko an hana su yabo. Alabama sai a 1971 baƙar fata ya fara buga mata. Jack Trice na Iowa State ya rasu a Oktoban 1923 sakamakon raunukan da ya samu a wasa da Minnesota, ɗalibai suka yi ta fafutuka tun shekarun 1970, sai a 1997 filin ya ɗauki sunansa. Duke Slater, wanda ya buga wa Iowa daga 1918 zuwa 1921 kuma ya zama alƙali a Chicago, ya rasu a 1966, sai a 2021 aka sa wa dandalin wasan da ke cikin filin Kinnick sunansa. Bill Willis na Ohio State, ɗaya daga cikin huɗun da suka karya shingen launin fata a wasan ƙwararru a 1946, an jingine 99 ɗinsa a Nuwamban 2007, ya rasu kafin watan ya ƙare. Saura kaɗan a makara. Lallai ne a bar ƙofa ta biyu da masana tarihin makarantar za su shigo da irin waɗannan, kuma a fara da dattawan da ke raye. Ohio State ta ƙara da cewa tun 2020 lamba 0 ake bai wa ɗan wasa ɗaya duk shekara da sunan Willis, ta haɗa jinginewa da gado a kan mutum guda.

Zamani ya kawo wata tambaya da ƙa'idojin da ba su hango ba. Tun 2018 sauya sheƙa tsakanin jami'o'i ya yi sauƙi, tun Yulin 2021 kuma ɗalibi na iya cin kuɗi da sunansa da hotonsa. Joe Burrow daga Ohio State ya je LSU ya ci Heisman a 2019. Caleb Williams daga Oklahoma ya je USC. Cam Newton kaka ɗaya tak ya yi a Auburn, amma a cikinta ya kawo kambun ƙasa na 2010. Dole ƙa'ida ta faɗi kaka nawa mutum zai yi kafin a kira shi ɗan gida, da ko kammala digiri sharaɗi ne, tun kafin a san wanda amsar za ta shafa.

Saboda haka jami'ar da take da gwaraza rututu, irin Alabama, ta tsaya kan jerin sunaye, kada ta taɓa lambobi. Wadda gwarzonta ɗaya ne ko biyu a tarihi, irin Illinois da Grange da Butkus, jinginewa ba za ta cutar da ita ba, har mutum-mutumi ma tana iya ƙarawa, kamar yadda ta yi wa Grange a 2009 da Butkus a 2019, shekaru masu yawa bayan sun bar fili. Wadda ta ga wata lamba ta fara tara labari da kanta a tsakanin 'yan wasa, ta bar ta a raye, ta rubuta halin da ake nema ga mai sa ta, ta kuma ba tsofaffin da suka taɓa sawa murya wajen zaɓe. A kowane hali, a rubuta wa'adin jira na aƙalla shekara goma ga suna, fiye da haka ga tagulla, a kuma rubuta a takarda ɗaya irin laifin da zai sa a cire karramawa da wanda ke da ikon cirewa, a sa hannu kafin a gayyaci kowa biki.